Hayaƙin Tonka a Ɗakin Baba

Sau biyu muna hawa babur daga Fakku zuwa asibiti a Tambuwal, ni da Baba, sau biyu ana dawo mana da 'yar robar gwaji. Kaki suke so, na can cikin ƙirji, don a duba ko tarin fuka ne. Tarin Baba kuwa busasshe ne, in ya tofa sai miyau.

Ni kaɗai na gama sakandare a gidanmu, ni ake miƙa wa kowace takarda. Sai na tuna zanen da wani malaminmu ya yi a allo: 'yan ƙwayoyi a bangon hanyar iska, cike da majina kamar jerin tuluna. Ya ce da hayaƙi ya taɓa su, sai su juye abin da ke cikinsu. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Cewa hanyar ma tana tsukewa, in ya faɗa, ban ji ba.

Da hantsi na ɗebo garwashi a kasko, na watsa tonka, wato barkono, ƙananan nan masu azabar yaji. Na kai ɗakinsa, na saki labule.

"Ke ɗiyag ga, kilishi za ki yi da ni?"

"Baba, haka anka koya muna."

"To, ku ad da boko." Ya sunkuya kan kaskon.

Kakin ya zo. Ya zo, ya ƙi tsayawa, numfashinsa ya koma fito, jijiyoyin wuya suka miƙe. Inna ce ta ja shi tsakar gida tana salati, tana kiran mai babur ta kan katanga. Ni ina tsaye da roba a hannu. Har murfi na tsaya rufewa.

A asibiti, bayan numfashin ya dawo, ma'aikaciyar jinya ta tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Inna ta dubi ƙasa.

"Ni na," in ji Baba, murya a shaƙe. "Dabarar tsoffi ta."

Ta yi masa faɗa tas a gaban mutane, dattijo da furfurarsa. Sannan ta juyo kaina: "Ke da kinka yi makaranta, ki riƙa hana shi irin wanga."

Na ce to.

Jiya ya miƙo mini takardar maganinsa in karanta, kamar kullum. Na karɓa, na fara karantawa. Shi ya riƙe mini gefenta har na kai ƙarshe.