Tankar Katako a Kwalin Jamus

Ni mai sayar da koko da ƙosai ce a unguwar Alabar ta Kumasi, amma in ka tare ni yau ka tambaye ni dalilin da ya sa gaban tankar yaƙi yake a karkace, zan ba ka amsa ina tsame ƙosai daga mai. Ban taɓa taka barikin soja ba. Kishi ne ya koya mini, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Babanmu tsohon soja ne, direban babbar mota. Yana saurayi aka tura su Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya, can ya ga tankokin wasu ƙasashe suna wucewa ta gaban shingensu, ƙasa na rawa, shayi na zubewa daga kofi. Bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Motoci masu sulke da ya sani a gida masu taya ne, shi kuwa bai ɗauke su a bakin komai ba. Abin nan ya zauna masa a rai har tsufa.

Lokacin da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, uwarmu ta riga mu gidan gaskiya, aurena kuma ya mutu, sai na tattara na dawo gida. Ni ke dama masa koko, ni ke ba shi a baki, ni ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ni ke fitar da fo. Harshensa ya yi nauyi, magana ta zama masa wahala. Abin da nake samu daga bakinsa a wuni bai wuce "ruwa", "zafi", "ya isa" ba. Na ce ciwo ne, na haƙura.

Ina da ƙane guda, autanmu, yana Jamus. Mu a Kumasi boga muke ce wa irinsu, ko da kuwa ɗaukar kwalaye suke yi a sito, wanda shi ne ainihin aikinsa. Duk Lahadi bayan la'asar yakan kira ta bidiyo. Da farko gaisuwa ce kawai, Baba ya ɗaga kai ya ce alhamdulillahi, shi ke nan. Wata Lahadi sai ga shi ya kira daga wani gidan ajiye kayan yaƙi da ake zuwa kallo, ya juya wayar. Tanka ce tsaye a bayansa, girmanta ya kai shago. Wallahi da idona na ga Baba ya dafa gado da hannunsa mai lafiya, ya tashi zaune ba tare da na taimaka masa ba. Ya buɗe baki ya ce, tiryan-tiryan:

"Matsa kusa, ɗana. Nuna mini ƙafarta."

Ashe maganar tana nan. Ni ce dai ba a ga damar kashe mini ita ba.

Tun daga ranar Lahadi ta zama ranar tanka. Ƙanena ya riƙa nemo hotuna da bidiyo, yana karanto abubuwa yana fassara wa Baba. Kuma wa zai riƙe wayar? Hannun Baba ɗaya ya mutu, ɗayan na rawa. Ni ce zan durƙusa a gefen gado, in miƙa hannu, in daidaita masa allon a gaban fuska har kafaɗata ta ƙage. In na ɗan motsa sai ya ce, "Riƙe da kyau mana!" ba tare da ya dube ni ba. Wannan ce magana mafi tsawo da yake yi mini a mako.

To kunnena ba a toshe yake ba. A durƙushen nan na ji cewa tankar zamani ta fi tirelar siminti nauyi nesa ba kusa ba, amma ba ta nutsewa a laka kamar mota, don sarƙar ƙafarta mai faɗi tana raba nauyin a kan ƙasa. Na ji cewa ana karkata gabanta ne don harsashi ya tarar da ƙarfe mai kauri, ko ya zame ya wuce. Sulken ma ba ƙarfe zalla ba ne, hawa-hawa ne, har da wani abu dangin tangaran a tsakani, wasu kuma a manna musu ƙananan akwatuna da ke fashewa waje in an harbo su. Akwai bidiyon da aka ɗora kofi cike a bakin igwar, tankar na gudu a kan gargada, ko ɗigo bai zuba ba. Baba ya yi dariya har da tari. Ni da na shekara ina goge masa baki ban taɓa jin wannan dariyar ba.

Suna da gardamarsu ma. Ƙanena ya ce mutum uku sun isa, inji ya riƙa ɗura harsashi. Baba ya ce a'a, huɗu, don in sarƙa ta tsinke a daji inji ba zai sauko ya taya ku ɗaurawa ba. Su yi ta yi. Ranar da aka zo kan na'urar da ke ganin ɗumin jikin mutum a cikin duhu, na ce a raina, ina ma a sa wa Baba ita a ido, ko ya ga akwai mai rai a gefen gadonsa.

Kada a ce ba na son ƙanena. Ni na goye shi, ni na yaye shi da koko. Yana aiko da magani, ba ya fashi. Amma in sun gama hira Baba ya shiga sa masa albarka, Allah ya yi maka kaza, Allah ya ba ka kaza, sai in miƙe daga durƙuson. In kashe wayar, in ɗauki fo in fita. Wata rana a bakin famfo na yi kuka har maƙwabciyata ta ɗauka rasuwa aka yi.

Daga nan na yanke shawara. Shi hoto yake nunawa, ni zan kawo wa Baba abin da zai taɓa da hannunsa.

Na hau trotro, motar hayarmu ta cikin gari, na tafi unguwar Anloga wurin wani dattijon kafinta da ya taɓa yi mini bencin da masu shan koko ke zama. Da yaren Twi muka yi magana. Na ce tankar yaƙi nake so, ƙarama, wadda za a ɗora a cinya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ta jikana ce. Na ce ta ubana ce. Sai ya karɓi aikin.

Ta farko da ya yi, kamar an ɗora burodi a kan taya. Na ce ina! Na tsuguna na zana masa a cikin garin katako da yatsana. Gaba ya kwanta a karkace. Kan da ke ɗauke da igwar ya zama mai faɗi, ya ɗan yi tsawo ta baya, don a nan ake ajiye harsasai bayan wata ƙofa, in wuta ta kama ta fita ta sama ba ta cinye mutane ba. Kuma dole kan ya juya ya zagayo. Tayoyin ciki su jeru, na ƙarshen baya ya zama mai haƙora don shi ke jan sarƙar. Ƙofar direba a gaba, ƙasa-ƙasa, tunda kusan a kishingiɗe yake tuƙi. A tsakiyar igwar kuma akwai wani kumburi da ke zuƙe hayaƙi kada ya koma ciki. Na ce in babu shi ba zan karɓa ba. Dattijon ya ajiye guduma ya tambaye ni ko mijina soja ne. Na ce ya yi aikinsa kawai.

Na yi ta sintiri tsakanin Alabar da Anloga har yaran shagonsa suka fara sara mini in na shigo. Sarƙar ƙafar, tsohuwar sarƙar babur na samo wurin wani makanike, muka wanke ta da kananzir. Fenti kore da ruwan ƙasa ni na zaɓa. Da aka gama, na tura ta a kan teburinsa, ta tafi tana ƙarar-ƙarar, kan na juyawa. Har shi kafintan sai da ya kira maƙwabtansa su gani.

Na kawo ta gida a buhu. Sai na ga bai dace in miƙa wa Baba abu irin wannan a buhun gari ba. Na duba ɗakin, kwalin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda ƙanena ya aiko da magani da rigunan sanyi, mai rubutun Jamusanci a jiki. Ban yi tunanin komai ba, na shimfiɗa tsumma mai tsabta a ciki, na sa ta, na rufe. Na jira Lahadi, na yi wa Baba aski, na sa masa farar riga, na ɗora masa kwalin a cinya.

Ya daɗe yana kallonta. Ya bi gabanta da tafin hannu, ya juya kan a hankali, ya tura ta a kan bargo. Da yatsansa ya kai kan kumburin igwar sai ya tsaya. Na ga hawaye na bin gemunsa. Na gyara durƙuso ina jira.

"Allah ya yi wa yaron nan albarka," in ji shi. "Ko wannan bai manta ba."

Na ce, "Baba, ni na sa aka yi. A Anloga. Ni na zana wa kafinta."

Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa yaro in ya ce shi ya kama ɓarawo.

"Ke me kika sani game da tanka? Kira mini shi."

Na kira. Na riƙe wayar. Baba ya ɗaga tankar da ƙyar ya nuna masa, ya shiga jero addu'a. Ƙanena ya kalle ta, sannan ya ce wallahi bai san da ita ba, bai aiko da komai ba, aikin Yaya ne. Ya maimaita har sau nawa, ya ce, "Baba, ka dube ta mana, ita ce." Ko wannan ma sai da ya ba ni haushi. Da ya karɓi yabon, da na samu abin da zan riƙe a kansa.

Baba ya juyo gare ni, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Kin ji shi ko? Haka yake tun yana ƙarami, ba ya son a yabe shi."

Yanzu tankar tana kan ƙaramin tebur kusa da gadonsa, inda hannunsa zai kai. Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa, a ba shi labarin ɗan da ke Jamus. Limamin unguwarmu ma ya juya kan, ya ce lallai Turawa sun iya aiki. Na daina gyara wa kowa. Kullum da safe, kafin in fita da tukunyar koko, Baba yakan nuna ta da haɓa ya ce in goge wa ƙanena motarsa, kada ya zo ya tarar da ƙura. Sai in ɗauko tsumma in goge.