Igiyar da Na Tafi da Ita Gombe

Laraba, Mubi zuwa Jimeta

Mun tashi daga tasha ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana yayyafi. Ni da Bitrus ne, bakanikena ɗan Michika, wanda shekara goma sha ɗaya ke nan yana gyara mini a-kori-kurar da nake ɗaukar wake da ita. Kuɗin mota dubu tara-tara. A aljihun rigata akwai igiya a naɗe, kuma saboda ita aka yi tafiyar.

Yayana, Hamma Bakari, yana kwance a gidana tun rani da ciwon ƙoda. Sau biyu a sati ake kai shi Yola wankin ƙoda, yana zaune a motar haya awa huɗu, ya sauka ƙafafunsa sun kumbura. Na sayar da shanu da gonar da ke hanyar Uba don in sayi jif da zai riƙa kwanciya a ciki. Ana gobe zan tafi, yana barci da rana, na lallaɓa na auna tsawonsa da igiya na ƙulla. Matata Dija ta gan ni. Ta ja ni waje ta ce masu haƙa kabari ne ke auna mutum haka, ban ji tsoron Allah ba? Na ce ni mota nake aunawa.

Shingen jami'an tsaro bakwai muka wuce kafin Gombi. A Song muka sha shayi da burodi, dubu ɗaya da ɗari biyu mu biyu. Mun shiga Jimeta sha ɗaya saura kwata.

Jimeta zuwa Gombe

Motar Gombe ba ta cika ba sai bayan azahar. Bayan Numan ramuka suka yi yawa, Bitrus yana ta zagin direba a hankali. Na kira gida. Dija ta ce Hamma ya sha kunu ludayi uku ya ture. Mun sauka bayan magariba, muka kama ɗaki na dubu takwas kusa da tasha, fanka ba ta juyawa.

Alhamis, wurin masu motoci

Ƙarfe takwas dillali ya kai mu gaban motoci biyu. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, jiki ɗaya, bambancin kuɗinsu dubu ɗari biyu kawai. Kowace da takarda manne a gilashi. Dillalin ya fara karanta mini, na ce ya bari. Shekara biyu nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, na tsaya na bi layi-layi da yatsa, inda Turanci ya fi ƙarfina Bitrus ya fassara.

Baƙar ita ce mai tsadar. Kujerun fata, rufi mai buɗewa, kuma tayoyinta huɗu duk suna ja. Sai dai kujerun tsakiya guda biyu ne a rabe, kamar na manyan mutane, ba sa kwanciya. Farar kuwa kujerunta na yadi ne, tayoyin gaba kaɗai ke ja, amma in an kwantar da kujerun baya sai wuri ya shimfiɗe kamar gado.

Bitrus ya shiga ƙarƙashin kowace ya fito. Ya ce duk lafiyarsu lau, amma in shi ne, baƙar zai ɗauka, don ita ce za ta iya hanyar Sorau da damina. Can ne garinmu, can iyalin Hamma suke.

"Oga, farin nan in ka sa shi a mayo, rafin nan na Sorau, sai dai shanu su ja ka," in ji shi.

Dillalin kuma ya ce mutum mai shekaruna kujerar fata ce ta dace da shi. Na fito da igiyata. Na sa aka buɗe bayan baƙar, na miƙe ta. Ta tokare da kujera, saura kamu ɗaya da rabi. A farar ta miƙe sarai, har da ragowar wurin matashin kai. Dillalin ya yi dariya ya tambaya ko buhun masara nake aunawa. Bitrus ya ce masa ya yi shiru.

Na zauna a benci kusan awa ɗaya. Na lissafa cewa Yola sau takwas ce a wata, hanyar kwalta ce, Sorau kuwa sai da salla. Na ɗauki farar. Takardar ciniki ni na sa hannu da sunana, ba dangwale ba. Na so a ce ranar farin ciki ce.

Juma'a, komawa

Mun bar Gombe ƙarfe shida, Bitrus na tuƙi. Mai na dubu sittin muka sha. A kowane shinge sai an duba takardun kwastan, a na Girei mun yi minti arba'in. Daga Hong ruwa ya tsuge, bai ɗauke ba har Mararraba. Bitrus ya ce motar tana tafiya kamar a kan katifa, Hamma zai ji daɗi. Mun shiga Mubi biyar da minti ashirin.

Yara suka kewaye motar. Dija ta shimfiɗa katifa a baya. Muka tallafo Hamma ni da Bitrus, muka kwantar da shi. Ya miƙe ƙafafunsa gaba ɗaya, ya lumshe ido, ya ce ta yi. Sai ya riƙe hannuna.

"Sa'adu, Yola na gama da ita. Na gaji. Ka kai ni Sorau, wurin yarana."

Na dubi Bitrus, ya sunkuyar da kai. Na ce wa Hamma mayo ya cika, wannan motar ba za ta haye ba, sai ruwa ya ja, wata biyu in Allah ya yarda. Hamma ya kalli rufin motar.

"To. Igiyar nan da ka auna ni da ita, kada ka yar. Ba barci nake ba ranar."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Bitrus da ya bar garejinsa kwana uku bai karɓi ko kwabo ba, da 'yan ajinmu da suka zo ganin mota suka tsaya gaida mara lafiya. Hamma ya yarda zai je Yola ranar Litinin, don ni, ya ce. Kullum da safe ina kiran Sorau in tambayi inda ruwa ya kai. Igiyar tana cikin akwatin gaban mota.