Ranar da Kwandunan Shara Suka Yi Layi

In ka ji kacau-kacau a baranda tun rana ba ta gama fitowa ba, to Uwar Makullai ce ta iso. Makullan ofis ɗin nan kaf suna igiya ɗaya, igiyar kuma tana ƙugunta. Da banɗaki take farawa. Sannan ta buɗe tagogi, ta shafa yatsa a saman kabad ta duba, ta raba wa mata biyar da ke ƙarƙashinta bokiti da tsumma da tsintsiya. Shekara talatin da ɗaya tana haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba, sai na ba ku labarin abin da ta yi bara.

Kun san yadda kuɗin mota ya yi tashin da ya yi. Ofis ya tausaya, ya fitar da takarda: kowane ma'aikaci ya zaɓi rana guda a mako ya zauna gida. Akawu ya samu, mai buga takardu ta samu, har masinja. Masu shara ne kawai babu su, wai shara ai ta kullum ce. Alhali su ne masu ƙaramin albashi, su ne kuma masu nisan gida.

A cikinsu akwai 'yar ƙanena, Doguwa muke ce mata. Mota uku take shiga kafin ta iso, ga 'ya'ya huɗu. Da abin ya fi ƙarfinta sai ta koma taka zangon farko a ƙafa. Ta fara makara. Takardar gargaɗi ta fito sau biyu, ta uku kuwa sallama ce.

Uwar Makullai ba ta iya rubuta takardar koke ba, amma ta san ɗakunanta. Wata Laraba ta kwaso kwandunan shara na duk ɗakin da mai shi yake hutu, ta jera su a ƙofar shugaban ofis. Baba Maigadi ya ce yana tsaye shugaba ya iso ya yi turus.

"Wannan kuma taron mene ne?"

"Ranka ya daɗe, gaisuwa suka zo. Leƙa ka gani, ko tsinken ashana babu wanda ya jefa musu. Ɗakin da ba a shiga ba muke sharewa, da kuɗin motar da ba mu da shi. A ba yarana rana guda su ma."

Shugaba ya leƙa kwandunan ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Kin kyauta da kika nuna mini. Tunda aiki ya ragu, ashe mutum shida sun yi yawa. Biyar sun isa. Akwai ma wadda takardarta ke kan teburina."

Jama'a, ta faɗa mini da bakinta, nan take ta gane ta yi ɓarna. Ta je nema wa Doguwa sauƙi, ga shi da hannunta ta buɗe mata ƙofar kora. Wata ce da ta kwashe kwandunanta ta ba da haƙuri. Ita ta gyara tsayuwa.

"Ba ni wata guda, ranka ya daɗe. Mu shida, kowa kwana huɗu. Gilasan bene da ɗakin tsofaffin fayil da kake ɗauko 'yan kwangila su wanke, mun ɗauke maka. In ƙorafi ya zo ko guda, sunana za ka soke, ba nata ba."

"Saura shekara ɗaya ki yi ritaya fa, Inna."

"Na sani, ɗana. Gwiwata ma ta sani."

Ya yarda, ina jin don yana ganin ba za ta yiwu ba. Da gaskiyarsa kuwa, don ranakun hutun ma'aikata a warwatse suke, kowane bene a buɗe yake kullum, dole mai shara ta zo. Sai Uwar Makullai ta bi ɗaki ɗaki tana roƙon kowane bene ya haɗa hutunsa a rana guda, a rufe shi gaba ɗaya, mai share shi ita ma ta huta. Akawun benen sama ya ce shi Talata ce tasa, ranar yake kai mahaifiyarsa asibiti, ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai sake ba. Ba ta ja da shi ba. Ta lallaɓi sauran mutum takwas ɗin har suka koma Talata. Mai buga takardu ta ce, "Inna, yaushe aka ba ki kujerar shugaba ba mu ji ba?" Ta ce, "'Yata, ni nake goge ta kullum, ba ta burge ni."

A mako na uku aka kusa yin ɓari. Baƙi suka ɓullo ran Talata ba sanarwa, aka kira mutanen benen sama daga gida, aka ce a zauren can za a zauna. Doguwa mai share shi tana hutu, Uwar Makullai da sauran suna can ƙurya cikin fayil. Zaure kuwa kofunan shayin jiya na nan, ga takardu a ƙasa. Waya ɗaya zuwa ofishin shugaba ta isa ta gama komai. Sai akawun nan ya naɗe hannun riga ya ɗauki tsintsiya, mai buga takardu ta kama tsumma. Baba Maigadi ya ce riƙon tsintsiyar akawu kamar mai kashe kunama, amma dai zaure ya sharu, kuma babu wanda ya kai ƙorafi.

Wata ya cika ba ƙorafi. Shugaba ya ce shi ke nan, a ci gaba. Ta ce a'a, da baki ba ta karɓa, a rubuta, a sa sunaye shida, a buga hatimi. Kwana tara tana zarya a ƙofarsa har ya sa hannu.

Ke ce, Uwar Makullai, kika yi kuskure a gaban babba, ba ki gudu ba, kika tsaya kika gyara da wuyanki. Ke ce kika ajiye fanshonki a kan tebur saboda 'yar da ba ke kika haifa ba. Gwiwar nan da ke kumbura, kin hau tsani da ita kin wanke gilashi don kada a ce yaranki sun gaza. Doguwa tana bakin aikinta har yau, ba ta sake makara ba, ran Talata kuwa ita ke yi wa 'yarta kitso da rana tsaka. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ki ci moriyar wahalarki da lafiya.

Ku kuma masu tsara ranakun aiki, a ofis ne ko a shago ko a asibiti, in za ku rage wa mutane kwana saboda tsadar mota, ku fara daga ƙasan takarda. Wanda sunansa ke can ƙarshe shi ya fi nisan gida. In kuma kun manta da shi, to ku da kuke aiki kusa da shi, kada ku jira wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tuna muku. Ku tashi ku ƙwanƙwasa ƙofar.