Macizan Sama da Labarin da Kaka Bai Ƙarasa Ba

Makon jiya na bi ta bayan gari a mota, sai wani wari ya buge ni wanda na yi shekaru ban ji ba: warin ramar da aka jiƙa a kududdufi har ta ruɓe. Direban ya toshe hanci yana tsaki. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, kuma ba warin ne ya ɓata shi ba. Wani tsohon haushi ne ya taso mini, wanda na ɗauka tsufa ya riga ya kashe shi. Bari in gaya maka inda ya samo asali.

A Wudil aka haife ni, a wani gida da ke gangaren da ake bi a je kogi. Lokacin da nake ba ka labari ina yarinya, ban kai a ɗora mini tallan nesa ba, kuma Turawa ba su tafi ba tukuna. Babana dillalin shanu ne, duk abincin gidanmu daga kasuwar Juma'a yake fitowa. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, tela ne, saurayi mai zafin kai da yawan dariya. Sai kuma mahaifinsu, Kaka, wanda sana'arsa tufkar igiya.

Da damina ta ɗauke, Kaka yakan sa a yanko masa rama, a ɗaure dami-dami, a danne ta da duwatsu a cikin ruwa. In ta ruɓe a ɓare, a wanke, a shanya a kan danga ta yi fari. Daga nan har bazara, aikinsa ke nan a ƙarƙashin durumin ƙofar gida: ya naɗa bakin igiya a babban ɗan yatsan ƙafarsa, yana murzawa a cinya. Idanunsa sun fara yin hazo, amma hannunsa bai taɓa kuskure ba. Ni nake kai masa fura da hantsi, kuma ba na tashi sai an kira ni. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika.

A can ya fara ba ni labarin. Na ce masa ai an hana tatsuniya da rana. Ya ce, “Wannan ba tatsuniya ba ce, amarya. Labari ne. A bakin kakata na ji shi, ita ma a bakin tata kakar.”

Wai a wata duniya da ba tamu ba, an yi wata daula da ta cinye ƙasashe tun daga bakin hamada har bakin teku. Ƙarfinta ba a dawakai yake ba, a macizan sama yake. Kaka ya ce kowanne ya fi rumbu kauri, fukafukansa kamar an ɗinke fatun shanu masu yawa, ɓawon jikinsa kamar farantan tagulla, in ya buɗe baki wuta yake amayarwa. Duk shekara bayan girbi sai macizan su zaga garuruwa da mahayansu a wuya. Kowane gari ya fito da hatsi da bijimai, kuma idan inuwar maciji ta gifta, babba da yaro sai ya kifa goshinsa a ƙasa ya ce shi ne ubangijinsa.

Sai wata shekara wani masaƙi ya ƙi. Ba malami ba ne, ba jarumi ba ne, ƙafarsa ɗaya ma a shanye take. Inuwa ta gifta, kowa ya faɗi, shi yana tsaye. Mahayin ya tambaye shi dalili. Ya ce, “Goshina na wanda ya halicce shi ne.” A ranar aka ƙone garin ƙurmus.

Kaka ba mai gaggawa ba ne. Yakan ba ni labarin gutsure-gutsure, daidai tsawon igiyar da yake tufka, in ta ƙare shi ma ya ƙare. Haka na bi masaƙin nan da waɗanda suka tsira cikin kurmi. Na ji yadda mutanen wasu garuruwa suka riƙa sulalowa suna haɗuwa da su, yadda suke ibada a ɓoye cikin kogunan dutse, yadda yunwa ta sa wasu suka koma suka yi tuba ga daula. Na ji ranar da 'yar masaƙin ta laɓaɓa har garken macizai, ta gano cewa kowanne da zoben ƙarfe a hancinsa kamar bijimi, kuma in an sauke su kuka suke yi. Daga nan jama'ar ta rabu biyu: masu cewa a kashe macizan, da masu cewa su ma bayi ne, a kwance su. Ina cin tuwo ina tunanin wannan gardama. Ina wanki a kogi, in shirwa ta wuce sai in ɗaga kai in duba ko maciji ne.

Ba ni kaɗai na ci gaba da saurare ba. Yaran maƙwabta suka fara zuwa, sai masu jiran a tufka musu dabaibayi, sai Baffa da abokansa. Har ta kai Baffa yakan bar kekensa da ɗinkin mutane ya zo ya tsuguna. Shekarun nan ne siyasa ta fara shigowa ƙauyuka, samari suna ta maganar talaka da masu mulki. Ni ban san komai a kai ba. Abin da na sani shi ne, in Kaka ya ambaci masaƙi, idanun Baffa sukan yi wani irin ƙyalli.

Ranar da labarin ya tsaya, bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum, ganyen durumi ko motsi ba ya yi. Kaka ya kai inda rundunar daula ta koro jama'ar masaƙi har bakin wani babban kogi, ba jirgi, ba mashigi. Lokacin ibadarsu ya yi. A daidai nan macizai suka ɓullo daga gabas, sun rufe rana. Wasu suka ce a faɗa ruwa, wasu suka ce a kifa goshi a tsira da yara. Masaƙin ya dogara sandarsa ya ce a yi sahu. 'Yarsa kuwa ba a gan ta ba tun safe. Ya ɗaga hannuwansa sama.

Igiyar ta ƙare. Kaka ya ƙulle bakinta ya ce sai gobe.

Kashegari Juma'a ce. Wani babba daga cikin masu faɗa-a-ji ya ratsa ta layin teloli, kowa ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa. Baffa bai tashi daga kan kekensa ba. Da aka daka masa tsawa, sai ya maimaita maganar masaƙi a gaban jama'a. Kafin la'asar an tafi da shi.

Ba zan manta yadda gidanmu ya yi a kwanakin nan ba. Inna tana daka tana share hawaye da gefen zane. Babana kullum yana kan hanya, daga wannan zaure zuwa wancan, yana ba da haƙuri. Waɗanda suka saba ba shi shanunsu ya sayar suka fara kewaye shi. Tuwonmu ya ragu, miya ta koma ruwa. Ran nan da hantsi, ina zaune da ƙwaryar fura, babana ya zo ya durƙusa a gaban Kaka.

Ya ce, “Baba, don Allah a bar labarin nan. An ce da masu mulki ake. An ce macizan nan an san ko su wane ne.”

Kaka ya ce, “Lokacin da aka ba ni shi, ko Bature ɗaya ba a taɓa gani ba a ƙasar nan.”

“Na sani, Baba. Amma yaron can yana hannunsu.”

Kaka ya daɗe yana murza igiya. Can ya ce, “To, na ji.”

Shi ke nan. Ko da aka sako Baffa, bayansa duk shatar bulala, dariyarsa ta tafi, Kaka bai sake buɗe baki a kan macizai ba. Babu dabarar da ban yi ba. Na ƙara masa nono a fura. Na rantse masa ba zan faɗa wa kowa ba. Na ce ya raɗa mini a kunne, ko da kalma ɗaya ce: sun tsira ko ba su tsira ba? Na yi kuka, na yi birgima a ƙasa har Inna ta fito da tsintsiya. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Amarya, na riga na ce wa ubanki na ji.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kowa a gidan yana ganin rigimar yarinta nake yi. An daki mutum, ana neman abin da za a ci, ke kina kuka a kan macizan ƙarya? Gaskiyarsu ce, ban musa ba. Amma ni a wurina akwai mutane tsaye a bakin kogi, da yara a bayansu, an bar su a sahu, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ya same su, ga shi zaune a gabana yana tufka.

Na bi kowa ina tambaya. Inna ta ce ai an ƙone su duka, sun yi shahada, in rabu da ita. Baffa ya ce, ba tare da ya ɗago daga ɗinki ba, 'yar masaƙin ce ta kwance zobban, macizai suka juya kan daula. Na ce Kaka ne ya faɗa masa? Ya ce a'a, amma dole haka ne. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, sa'ar Kaka, ta ce ita ba ta taɓa jin labarin ba sam.

Daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya kama Kaka, bai tashi ba. Ranar da aka fita da shi, ina kuka kamar kowa, amma a ƙarƙashin kukan akwai fushi, kuma ban san wa zan yi wa shi ba. Sai na ɗora shi a kan babana. Na yi masa biyayya iyakar rayuwarsa, amma wannan abu ɗaya ya zauna a tsakaninmu.

Shekaru da yawa bayan haka, ni ma na aurar da 'ya'ya, babana ya tsufa ya daina zuwa kasuwa. Na je gaishe shi wata rana, muna hira a kan wani abu dabam, sai ya kalle ni ya ce, “Wai ke, tsohon nan bai gaya miki yadda suka ƙare ba?”

Na ce, “Baba, ai kai ka hana.”

Ya ce, “Ina yaro ya fara ba ni shi, sai aka tura ni kiwo. Kullum ina cewa zan zauna in ji sauran.” Ya juya fuskarsa wajen bango. Na fita tsakar gida na tsaya, na rasa ko dariya zan yi ko ihu.

Yau Wudil ta zama wani gari. Ɗaliban jami'a sun cika ta, manyan motoci ba sa yankewa a kan titi, kuma jikokina suna kallon dodanni masu aman wuta a waya. In fim ya yi musu tsawo sai su ja shi da yatsa su ga ƙarshe. Na ba su labarin masaƙi, suka ce in ƙirƙiro sauran mana, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Babbar cikinsu ta ce in kwantar da hankalina, babu abin da ba ya cikin waya. Ta rubuta da Hausa, ta rubuta da Turanci, ta juya kalmomin ta kowace fuska, ina zaune ina kallon fuskarta, tsohuwa da ni, kamar yarinya.

Can ta ajiye wayar ta ce, “Hajiya, babu shi fa.”

Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri.