Akuyar da Kawu Bitrus Ya Yanka

Ranar Kirsimetin shekarar da nake aji huɗu, a gidanmu na haya a Azare, na ga fuskar Baba ta sauya yana tsaka da cin abinci. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya yanka akuyar? Maƙwabcinmu Malam Buba, Bafulatani mai shanu, shi ke yi mana yanka duk shekara don Musulmin layinmu su iya cin girkinmu. Ashe ya kwana a garin Yana wajen garkensa. Kawu Bitrus, baƙonmu daga Bogoro, sarkin karambani, shi ya zari wuƙa tun da sassafe, wai taimako yake yi. Mama kuwa ta ɗauka Malam ne ya zo ya tafi.

Shinkafa da miyar naman tuni na kai gida uku. Kawu ya ce a ja baki a yi shiru, wa zai sani? Ni ma haka na so, domin a makaranta mun sha jin yadda ƙaramar magana ke tada gari, ga shi Kiristocin layin ba mu da yawa. Na hango ana cewa da gangan muka ciyar da mutane abin da addininsu ya hana. Baba, wanda bai taɓa ɓoye Littafinsa Mai Tsarki don idon kowa ba, ya ce, "Wanda muke bikin haihuwarsa bai koya mana cin amanar maƙwabci ba." Mama ta nufi gida biyu don ta sanar da su, aka tura ni gidan Malam Buba.

Na wuce bakin rijiyar da muke carafke da 'yarsu Dije. Na tarar Inna Hajara, matar Malam, ta buɗe kwano, yara sun wanke hannu. Na faɗa mata ina in'ina. Na fara kuka, ina jiran ta ƙwala wa maza kira. Sai ta mayar da murfi, ta ce, "Wannan dai ba za mu ci ba, 'yata. Amma ki gaya wa babanki, daga yau abin da ya fito daga gidanku ba sai na tambaya ba." Ta cika min ƙwarya da kindirmo.

Yanzu unguwar da nake zaune a Bauchi duk mu ne, coci a kowane lungu, babu wanda nake fargabar ɓata wa rai. Ban taɓa zaton zan yi kewar wancan tsoron ba.