Kajin Dakta a Bayan Ɗakin Inna

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ita ce shekarar da aka yi wa Dakta ritaya. Ba na cewa akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu, domin shekarunsa sun kai. Abin da na sani shi ne an buƙaci gidan kwatas ɗin da yake ciki da gaggawa, sababbin manya sun zo kuma kowa da mutanensa. Sai ya koma wurin 'yarsa a Barnawa, a saman bene, inda mai gidan ya ce ko tantabara bai yarda a ajiye masa ba.

Dakta mutumin Filato ne, dogo, mai magana a hankali. A ƙarƙashinsa na yi hidimar ƙasa a wata cibiyar bincike bayan na gama digiri a ilimin halittu. Da na gama ban samu aiki ba, sai na ci gaba da zuwa ina taya shi. Duk rayuwarsa abu ɗaya ya bi, wato yadda ɗan tayi ke ginuwa a cikin ƙwai da kuma abin da ke hana shi ginuwa.

Da kajin durgu yake aikin, irin masu gajerun ƙafafun nan da ke tafiya kamar suna jan ciki. Gajartar ƙafar gado ce. Idan ɗan tsako ya gaje ta daga uwa kawai ko daga uba kawai, zai fito durgu ya yi rayuwarsa lafiya. Idan kuwa ya gaje ta daga ɓangarorin biyu, ba ya fitowa. Zuciyarsa kan fara bugawa, sai ta tsaya tun a kwanakin farko. Don haka in aka haɗa durgu da durgu, kusan ɗaya cikin huɗu na ƙwan yakan mutu a cikin ɓawo.

Wannan sanannen abu ne tun kafin Dakta. Nasa abin daban ne. Ya shafe shekaru yana haɗa dangi ɗaya na kajin a tsakaninsu, kuma a wannan dangin, waɗanda ya kamata su mutu da wuri sun fara jimawa. Wasu har ido da fiffike sukan bayyana kafin su tsaya. Yana zaton akwai wani abu a gadonsu da ke tallafa musu, kuma shi yake son ganowa. Ya sha gaya mini cewa adadin da ya gani bai kai ya rubuta komai ba tukuna, sai an ƙara wasu ƙyanƙyasa masu yawa.

Injin ƙyanƙyasa na cibiya ne, can ya bar shi. Kajin kuwa nasa ne, da hannunsa ya tara su. Haka aka yi zakaru biyu da kaji 'yan ƙalilan suka dawo gidanmu a Unguwar Mu'azu. Na kafa musu akurki da ragar waya a ɗan filin da ke bayan ɗakin Inna, mahaifiyata.

Inna ba ta musa ba. Ta leƙa ta cikin ragar ta yi dariya.

“Waɗannan ne 'yan bokon? Ko ƙafar kirki ba su da ita.”

Cikin ɗan lokaci ta fi ni sanin halinsu. Ita ke zuba musu dusa da gero in na fita, tana yi musu faɗa kamar jikoki. Abu ɗaya na roƙe ta, kada ta bari zakaran maƙwabta ya shiga. Ta ce ta ji.

Tun da babu inji, kajin da kansu suke kwanci. Nakan ɗauki ƙwan in shiga sito in rufe ƙofa, in haska kowane da tocila. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu, da ɗan duhu yana motsi. Wanda ya tsaya sai ka ga zoben jini kawai. Irin waɗannan nake fasawa a hankali, in ɗauke ɗan tayin daga kan gwaiduwa in saka a kwalbar maganin hana ruɓewa, ranar Asabar in hau bas in kai wa Dakta. Ya mayar da teburin cin abincin 'yarsa wurin aiki. Yakan daɗe yana duba su da madubin ƙara girma, wani lokaci ya ce, “Malam, zo ka ga wannan, ya yi ƙoƙari.”

Wata rana da hantsi ina fasa ƙwai a bakin sito, Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallon ɗan abin da ke cikin faranti, bai fi ƙwayar wake ba.

“Wai me ke kashe su ne? Kazar nan ba ta tashi daga kansu, ina gani.”

Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na gado daga uwa da gado daga uba.

“To kun sani ke nan tun kafin ta kwanta?”

“Kusan haka ne, Inna. Ba mu san wanne ba, amma mun san wasu ba za su fito ba.”

“Kuma kuke haɗa su.”

Na ce aikin ke nan. Ta zauna a kan turmi ta gyara ɗankwalinta. Inna da marigayi mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne. Na taso ina jin cewa kafin ni ta yi ɓari fiye da sau ɗaya, kuma akwai wanda ya kai watanninsa ya zo babu rai. A bakin gwaggona na ji, ita ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

“Mu ma haka ne?” in ji ta, ba tare da ta dube ni ba.

Na ce ba zan iya cewa ba. Na ce abubuwan da ke jawo ɓari suna da yawa, kuma mafi yawan masu auren zumunci lafiya suke haihuwa, kuma kaza ba mutum ba ce. Duk gaskiya ne, iya sanina. Ta ce, “Allah Ya sani,” ta tashi ta koma kan girkinta.

Ba a jima ba wata makarantar sakandare a wajen gari ta ɗauke ni koyarwa na wucin gadi, zango ɗaya, kuma sai na kwana can. Na yi shawara da Dakta. Ya ce in tafi, kajin su huta da mu, in na dawo mu ɗora. Na sake tuna wa Inna maganar zakaran maƙwabta. Ta ce, “Na ji ka tun farko.”

Ranar da na dawo, tun daga zaure na ji kukan 'yan tsaki. Tsakar gida cike take da su, wasu durgu, wasu masu dogayen ƙafafu suna tsere. Ƙofar akurki a buɗe take. A kan katanga wani jan zakara dogo yana tsaye, ban taɓa ganinsa ba. Na duba ko'ina ban ga zakarun Dakta ba.

Inna tana tankaɗe. Ba ta jira na tambaya ba.

“Ni na yi. Na kai su kasuwa na musanya da wancan. Ka duba gurbin, ko baragurbi ɗaya babu. Duka suka fito.”

“Inna, aikin shekaru ne.”

“Na sani.”

“Ba namu ba ne, amana ce.”

“Na san amana ce, kuma zan faɗa masa da bakina. Amma ba zan zauna ina kallon uwa tana kwanci a kan abin da aka san matacce ne ba. Ba a bayan ɗakina ba.”

Washegari na je kasuwar. Mai kajin ya tuna da zakarun, ya ce irin waɗannan ba sa kwana, masu abinci ne suka ɗauka tun ranar.

Na yi kwanaki ina shirya yadda zan gaya wa Dakta. Da na je, duk abin da na shirya ya watse, na faɗa masa kai tsaye ina tsaye a bakin ƙofa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na yi saurin cewa kajin mata suna nan, wataƙila in aka zaɓi zakara daga cikin 'ya'yan aka mayar kan iyayen, a hankali za a iya dawo da dangin.

“Za a iya,” in ji shi. “Shekara nawa kake gani, Malam?”

Na dube shi. Ya haura sittin, ga hawan jini, ga shi ba inji ba ɗakin gwaji.

Bayan sati ya zo gidanmu da kansa. Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo masa kunun zaƙi, ta zauna daga gefe. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi 'yarsa da jikoki, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo. 'Yan tsakin suna ta kai da komo a gabansu.

“Dakta, na ɓata maka aiki.”

“Kin ɓata, Hajiya.”

“Ka yafe mini. Amma in na ce maka ba zan sake ba, na yi ƙarya.”

Ya yi ɗan murmushi. “Ai shi ya sa ban tambaya ba.”

Ya kama wani ɗan tsako durgu da ya zo kusa da takalminsa, ya juya shi, ya shafa ƙafarsa da babban yatsa, ya sake shi. Sai Inna ta yi masa tambayar da ta yi mini, wannan karon a fili, har da wanda ya zo babu rai. Ban taɓa jin ta faɗe shi ba sai ranar. Dakta ya saurara har ta gama.

“Ban sani ba, Hajiya. Da na sani da na gaya miki. Na yi shekaru ina kallon ƙwai, kuma ko na kaza ban gama ganewa ba.”

Ta gyaɗa kai. Ya ce kajin ya bar mata, ta kiwata yadda take so. Na raka shi titi. Muna jiran bas ya ce kada in riƙe ta a zuciya, kuma in koyarwar ta samu in kama ta da kyau. Ya yi maganar mulkin farar hula, ya ce da ya ɗauka yanzu za a waiwayi bincike, ƙila 'yan bayanmu su gani. Bas ya zo, kwandasta ya ja shi ciki.

Kafin damina ta gaba ya koma garinsu. Na kai masa ziyara sau ɗaya, na same shi yana noman dankali a bayan gida, ba mu yi maganar ƙwai ba. Bayan wasu shekaru 'yarsa ta aiko mini da labarin rasuwarsa. Inna ta yi kuka da ta ji, ta sa na kai ta Barnawa gaisuwa.

Bai rubuta komai a kan dangin kajin ba. Ni na gani da idona cewa 'yan tayin suna jimawa fiye da yadda littattafanmu suka ce, amma adadin kaɗan ne, shi ma ya faɗa. Mai yiwuwa akwai wani abu a gadonsu kamar yadda ya zata, mai yiwuwa kuma dace ne kawai muka yi ta kallo. Har yau ina koyar da ilimin halittu, kuma in ɗalibi ya tambaye ni ko na taɓa yin bincike, nakan ce na taya wani, amma ba mu kai ga sanin amsar ba.