Baƙon Tsakanin Azahar da La'asar

Kawu Ilu bai taɓa cin abinci da natsuwa a gidanmu ba. Tun ina yarinya haka na san shi. Zai shigo unguwarmu Koki bayan an idar da azahar, maza sun watse daga masallacin ƙofar gida, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya zauna a bakin tabarmar Inna, yana kai loma yana satar kallon inuwar katanga. Da inuwar ta taɓa bakin rijiya sai ya miƙe.

"Haba Ilu, ko naman ba ka taɓa ba," in ji Inna.

"Yaya Larai, hanya ce a gabana."

Kafin ladan ya gyara murya don la'asar, ya riga ya bar unguwar.

Ni abin haushi yake ba ni. Inna ta wuni a gindin murhu tana yi masa miyar zogale da gyaɗa irin ta ƙauyensu, shi kuwa ya haɗiye kamar ana korarsa. Ranar da na yi masa rashin kunya a kan haka, Inna ba ta dake ni ba. Ɗaki ta ja ni, ta turo ƙofa, ta ce, "Safiya, kawunki Kirista ne. In na ji maganar nan a bakin wani, ke ce."

A hankali na tattara sauran labarin. Shi da Inna 'yan Dogon Marke ne, can kudancin Kano, kuma mahaifinsu na cikin mutanen farko da suka karɓi Kiristanci a ƙauyen. Babanmu, Malam Mikail, mai sayen fata ne, a kasuwar garinsu ya ga Inna. Ta musulunta da son ranta, ta biyo shi birni. Tsofaffin unguwa da suka san asalinta duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ma Baba ya bi su. Waɗanda suka rage ba abin da suka sani sai cewa Larai tana da ƙane a ƙauye, mai farin gemu, mai kunya.

Kawu ba fasto ba ne. A wata makarantar horar da fastoci ta 'yan Baptis yake aiki. Da tuƙin motar makarantar ya fara, yana kai malamai ƙauyuka. To malaman Hausarsu ta littafi ce, tasa kuwa ta gona, sai ya zama shi ke sake yi wa dattawa bayani bayan an tashi. Da shugabannin suka lura, suka ajiye shi ya yi karatu, suka ba shi babur. Daga nan duk rani, in an gama aikin gona, yana tafe daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana koya wa dattawan majami'u Littafi Mai Tsarki a gindin bishiya. Suka kuma ɗora masa tattara tarihi: wa ya fara kawo addinin garin, wa ya ba da filin, sau nawa jinka ta ƙone aka sake. Yakan kunna 'yar na'urarsa ta naɗar murya a gaban tsoho, ya haƙura da tarinsa da mantuwarsa har labari ya fito.

Da muryar raɗa yake ba mu labarin tafiye-tafiyen nan. Ya gaya mana wani gari da ƙararrawarsu ƙarfen tayar mota ce aka rataye a reshen ɗorawa. Ya gaya mana yadda ya tsallake rafi ruwa iya wuya, littattafai a ka, takalminsa ya tafi. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tuna, ta toshe baki tana duban katangar maƙwabta.

Tsoron nan ba na banza ba ne. A wata shekara da gari ya hargitse, an tare su a hanya shi da wani abokin aikinsa. Shi hula da Hausar bakinsa suka fid da shi. Abokin bai fita ba. Kawu bai taɓa ba mu labarin ranar ba, amma tun daga nan Inna ta kafa masa doka: jakarsa ta zauna a Sabon Gari wurin wani aboki, kada ya shigo birni ba hula, kuma kada kiran salla ya same shi a Koki. Don a unguwarmu baƙo mai furfura ba ya zama a tabarma ana salla. Buta za a miƙo masa, a tura shi sahun gaba, wani lokaci ma a ce shi zai ja. Girmamawa ce, amma ga Kawu ita ce abin gudu.

Wanda ya fi kowa tayar mana da hankali shi ne Alhaji Saminu, maƙwabcinmu mai shagon yadi. Mutum ne mai kirki har ya yi yawa. Duk ranar da ya ji Kawu ya zo ya tafi, sai ya aiko da ƙorafi: wai wane irin baƙo ne wannan da ba za a haɗa kafaɗa da shi a sahu ko sau ɗaya ba?

Bara Inna ta rasu, bayan asuba, ba wani dogon ciwo. Yayana Ɗayyabu ya kira Kawu a waya. Ashe yana wani ƙauye kusa, yana tsakar karantarwa. Kafin hantsi ya yi zafi na ji sallamarsa a tsakar gida. Na ɗago daga cikin mata masu kuka, na gan shi tsaye, ba hula, ido jawur, ga jakar nan rataye a kafaɗarsa da sunan makarantarsu da ɗan gicciye a jiki.

Wallahi hawayena tsayawa ya yi. Na tashi kamar zan gaishe shi, na fizge jakar, na rufe ta da mayafina, na kai ta ɗaki na cusa a buhun gero. Na ɗauko tsohuwar hular Baba na ɗora masa.

Aka ce dangi su shiga su yi mata addu'a kafin a fito da ita. Ya durƙusa a gefen makara, ya ɗora goshi a kan gwiwarsa, leɓensa na motsi. Ni ina tsaye a kansa, ba addu'a nake ba, bakinsa nake gadi. Na san sunan da suke rufe addu'a da shi. Cewa nake in ya ɗaga murya, zan fasa ihu in rufe.

Da ya fito na tare shi a bayan madafa.

"Kawu, ka tafi yanzu. Ka bi ta lungun baya."

"In tafi ba a binne Yaya ba?"

"To ka ji. Sallar gawa ba ruku'u, ba sujada. Tsayuwa ce kawai. Ka shiga sahu, in sun ɗaga hannu ka ɗaga, ka riƙa motsa baki. Ba wanda zai gane."

Ya dube ni ya ce, "Safiya, a kan gawarta zan tsaya in yi wa Allah ƙarya, in yi wa maƙwabtanta?"

"Kashe ka za su yi!" na ce. "Ka san samarin yanzu? Gawa biyu kake so mu fitar yau?"

"Ni ma tsoro nake ji," ya ce. "Zan tsaya can baya, jikin bango. Wataƙila ba mai lura."

Na ji kamar in shaƙe shi. Tsoho mai farin gemu, ƙanen mamaciya, wai ba mai lura!

Aka fita da Inna. Mata ba ma fita, don haka na lallaɓa zaure na manna ido a tsagar ƙofa. Titi ya cika maƙil har kwana. Aka ajiye makara, Liman Malam Ƙasimu ya zo gaba da sandarsa. Al'adarsa ce ba ya sallatar gawa sai ya nemi izinin babba a dangi. Ya waiwaya ya ce, "Ina ƙanen nata da aka ce ya iso?"

Sai ga Alhaji Saminu ya ratso mutane da buta a hannu, fuskarsa har da ɗan haske, yau dai ya kama baƙonsa. Ya riƙo Kawu daga jikin bango. "Malam Ilu, ga ruwa. Yi maza, wurinka na nan bayan liman."

Na ƙara manna ido a tsagar ƙofa.

Kawu ya dubi butar. Bai karɓa ba. Ya ce, "Alhaji, na gode. Ni Kirista ne. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku yi mata salla, ni zan tsaya nan."

Bai ɗaga murya ba, amma na ga maganar tana tafiya daga sahu zuwa sahu, kawuna na juyowa. Titi ya yi tsit, har ina jin kukan akuyar gidan Alhaji. Butar na nan a hannunsa, ruwa na zuba a kan takalminsa bai sani ba.

Nazeer mai gyaran waya, wanda kwanan nan ya fara ɗage wando yana gyara wa kowa salla, shi ya fara magana. "Kuma aka bar shi ya shiga kan gawa? Me ya kawo shi cikin gari?" Wasu biyu suka matso bayansa. Na ga ɗaya yana duban ƙasa, ni kuwa na san akwai tarin duwatsun gini a wurin.

Ɗayyabu, wanda ko kaza ba ya iya yankawa, ya fito daga sahu ya tsaya a gaban Kawu. Ya ce, "Kawuna ne."

Malam Ƙasimu ya buga sandarsa a ƙasa. Na zaci wa'azi zai yi. A'a, cewa ya yi, "Rana na yi, baiwar Allah na jira." Ya dubi Kawu. "Ka ba mu izini?"

"Na ba ku, Malam."

"To ku daidaita sahu."

Aka yi kabbara. Kawu na jikin bango shi kaɗai, hular Baba a hannunsa, kansa a ƙasa. Da aka sallame aka ɗaga makara, taron ya nufi maƙabartar Ƙofar Mazugal. Na gan shi ya bi bayansu. Na ga Nazeer da mutanensa su ma sun bi. Suka sha kwana, tsagar ƙofa ba ta ƙara nuna mini komai ba.

Ban san yadda zan kwatanta zaman da na yi ba. Mata na ta ba ni haƙuri a kan Inna, ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba Inna ce a raina ba. Duk ƙarar da na ji daga titi sai in miƙe. Wani ya yar da faranti, na ce shi ke nan an fara. Ina ta ƙirga lungunan da ke tsakaninmu da maƙabarta, ina tunanin a wanne za su tare shi.

Maza suka fara dawowa. Na koma tsagar ƙofa ina duba fuskoki. Ga liman. Ga Ɗayyabu. Ga masu shaguna. Babu Kawu. Na buɗe ƙofar gaba ɗaya, ba ko mayafin kirki, na ce, "Yaya, ina yake?"

Ɗayyabu ya nuna bayansa. Can ƙarshen titi ga Kawu yana tafe a hankali, jar ƙasa a gwiwoyinsa da kafaɗar rigarsa, Alhaji Saminu na riƙe da hannunsa kamar mai jan makaho.

Daga baya Ɗayyabu ya gaya mini. Ana ta karɓa-karɓar makara a hanya, duk wanda Kawu ya matsa kusa da shi sai ya ƙi sakar masa. Alhaji Saminu ne ya zame kafaɗarsa ya ce, "Kama nan." Daga nan bai sake barin gefensa ba. Su Nazeer suka tsaya a bakin maƙabarta suna magana, ba su shiga ba.

Ba zan ce komai ya wuce ba. Akwai gidaje biyu da har yau ba sa amsa gaisuwata. Kawu ya koma kan babur ɗinsa da ƙauyukansa, kuma duk ranar da ya ce zai shigo birni, gabana faɗuwa yake har sai ya fita.

Amma a ranar ya zauna a tabarmar makoki a ƙofar gida. Aka kira azahar, maza suka tashi, shi yana zaune. Alhaji Saminu ya ɗauko buta, ya miƙo masa bisa sabo, sai ya ce, "Af," ya janye hannu, ya wuce masallaci. Inuwa ta taɓa bakin rijiya, ta wuce. Aka kira la'asar, yana nan.

Na shiga madafa. Akwai sauran zogalen da Inna ta shanya da hannunta, tana cewa na Ilu ne in ya zo. Na yi miyar, na aika masa zaure. Ya ci a hankali, bai dubi katanga ko sau ɗaya ba. Da aka dawo da kwanon na buɗe, har naman ya cinye. Na juya da kwanon a hannu zan nuna wa Inna, sai na ga an naɗe tabarmarta an jingine a bango.